Mutuniyar Dutse

A gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda akwai labari ɗaya da Babana ba ya son a tayar gaban baƙi, kuma shi ne labarin da kakata ta fi son bayarwa. Hajiya muke ce mata, mu jikoki da maƙwabta duka. Shi kaɗai ke ce mata Inna. Ita kuwa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, don shi ne ɗanta na fari. In tana nemansa sai ta ce da ni, "Ƙawata, je ki ce da wancan ya zo." Wancan ɗin har ya yi furfura, yana tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa tun kafin a haife ni, samarin sito na miƙe masa in ya shigo, amma a wurinta dai wancan ne.

Ni a Jidda aka haife ni. Larabci na fara yi kafin Hausa, har yau ma in raina ya ɓaci da Larabci nake faɗa. 'Yar Hausar da nake da ita a gindin Hajiya na tsince ta, a tsakar gida, tana suyar gyaɗa da yashi a kasko, ni ina ƙulla mata a leda ta kai bakin masallaci bayan la'asar. A nan na yi ta jin labarin har na haddace shi.

Da ƙafa suka taho daga ƙasar Hausa, ita da kakana, cikin ayarin masu niyyar hajji. Tafiya ce ta shekaru. A yi ta tafiya har guzuri ya ƙare, a tsaya a wani gari a yi ƙwadago, a sake ɗaura kaya. A hanya ta haifi Babana. Bai fara rarrafe ba suka shiga wasu duwatsu bayan garin Abashe, kafin a faɗa ƙasar Sudan. Ba ta san sunan wurin ba. Ta ce babu gari, babu ruga, ko hayaƙi ba ka hange.

Rana ta take, ruwa ya ƙare a salka, maza kuma sun bazu neman wani jaki da ya ɓalle. Wata tsohuwa a ayarin ta ce ta ga tsuntsaye na sauka bayan wani dutse, ba za a rasa ruwa a can ba. Hajiya ta goya ɗanta, ta ɗauki salkar, ta bi. Ta kuwa sami ruwan, ɗan kududdufi a inuwar wani falalen dutse. Ta durƙusa ke nan sai ta ji wari, irin na bunsurun da ruwan sama ya daka. Ta ɗaga kai.

Daga nan kullum Hajiya takan ajiye ludayin suyar, ta rage murya.

"Tana tsugune a ɗaya gefen ruwan. Na ɗauka mutum ce ta yafa buzu. Da ta miƙe sai na ga jikinta ne. Gashi ja-ja irin na raƙumi, fuska baƙa ba gashi, hannuwa har gwiwa. Ta fi kakanku tsawo, kakanku kuwa sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Mace ce, na ga nono. Ga ɗanta maƙale a kwiɓinta, ido ɗaya ya liƙe da kwantsa."

"Ba ki gudu ba, Hajiya?" Kullum sai na tambaya, ko da na san amsar.

"In gudu ina, da goyo da salka? Na dai ce mata, 'Sannunki, baiwar Allah. Ni ma ruwa na zo nema.' Na ja da baya na zauna, don ita ta riga ni zuwa."

Ta ce da tafin hannu halittar ta riƙa ɗiban ruwa tana sha, ba ta kafa baki kamar dabba ba. Ta jiƙa yatsa ta goge wa ɗanta idon. Ana haka sai Babana ya farka ya fasa kuka. Halittar ta juyo, ta zagayo ruwan da ƙafa biyu, ta zo ta tsaya a bayan Hajiya har tana jin numfashinta a ƙeya. Ta daɗe tana kallon goyon. Sannan ta sa bayan hannunta ta taɓa 'yar ƙafarsa da ta leƙo daga zane, ta yi wani gurnani can cikin ƙirji, ta juya ta haye dutsen. Hajiya ta cika salkarta taf, ta ɗaure bakinta, ta koma zango. Ta faɗa wa kakana abin da ta gani. Maza suka je suka ga sawu a laka, kamar na mutum amma mai faɗi. Madugu ya ce a ɗaura kaya, ba su kwana a nan ba.

Mutuniyar dutse take kiranta. Matan unguwa sun sha ce mata aljana ta gani, ta ce aljani ba ya wari kuma ba ya barin sawu a laka. Wata maƙwabciyarmu 'yar Yaman ta ce su ma a duwatsunsu ana labarin wani abu mai kama da mutum, amma nasu ƙafa ɗaya gare shi. Hajiya ta ce tata dai ƙafa biyu gare ta, ta gani da idonta.

Kakana, wanda ya ga sawun, ya rasu tun Babana na yaro. Sauran 'yan ayarin kowa ya kama gabansa, wasu sun zauna a Sudan, wasu sun koma gida bayan hajji. Labarin ya rage daga Hajiya sai jaririn da bai san an yi ba. Jaririn kuwa ya sha wahalarsa. Tun yana ƙarami zancen ya fita unguwa, yaran Hausawa na ce masa ɗan goyon biri, na Larabawa su fassara da yarensu su ƙara gishiri. Ya yi dambe a kan haka har ya rasa haƙori. Da ya girma ya daina dambe, sai dai in Hajiya ta fara gaban baƙi ya tashi ya fita, ko ya ce cikin ladabi, "Inna, bika ne kika gani. Ga rana, ga ƙishirwa." Ita kuma ta ce, "To," ta kawar da kai.

Haka aka zauna har na yi aure na haifi ɗana. Wata shekara zafin Jidda ya yi tsanani, iskar teku ma kamar daga tukunya take fitowa, Babana ya ce ranar hutunsa mu hau Ɗa'if, garin nan na kan duwatsu, mu sha iska. Mijina bai samu zuwa ba, shagon da yake aiki a unguwar Sharafiyya ba a rufewa. Muka tafi da Ummata, da ni, da yaron, wanda lokacin bai isa shiga makaranta ba, sai Hajiya. Gwiwoyinta sun riga sun gaji, da sandar ƙarfe take tafiya, sai da Babana ya ɗaga ta ya sa a kujerar gaba. Duk tsawon zamanta a ƙasar nan ba ta taɓa hawa dutsen Hada da hanyar ke bi ba.

Wanda ya bi hanyar ya san yadda take murɗawa tana hawa, dutse a wannan gefe, rami a wancan. Ya kuma san birai. Suna nan birjik a kan ƙarfen gefen titi da kan duwatsu, suna jiran masu mota su jefa musu ayaba da burodi. Da muka fara ganinsu Babana ya rage gudu, ya nuna wata uwa da ɗa a bayanta.

"Inna, ga mutuniyarki can. Ko in tsaya ku gaisa?"

Ummata ta yi dariya, ni ma na yi. Hajiya ta dubi birin ta gilashi. Ta gyara mayafinta kawai.

Can sama motar ta yi zafi, dole muka tsaya a wani fili da ake ajiye motoci. Akwai iyalai da yawa a wurin, wasu na ɗaukar hoto, wasu na shan shayi. Babana ya buɗe gaban motar yana jiran ta huce. Ummata ta shimfiɗa darduma a gefe tana fito da kofuna. Hajiya ta ce ita ba za ta sauko ba, a bar mata ƙofa a buɗe iska ta shigo. Ni kuma na miƙa wa yaron ledar tamis, burodin nan mai faɗi da muka saya da safe, na ce ya kai wa Umma. Na juya in ɗauko butar shayi.

Ihunsa na ji. Wani ƙaton bika mai farin gashi a kafaɗa, girmansa ya kai na babban kare ko ya fi, ya diro daga kan ƙarfen ya cafki ledar. Yaron bai saki ba. Ya riƙe da hannu biyu yana cewa nashi ne. Bikan ya sa ɗaya hannun ya damƙi gaban rigarsa ya ja, yaron ya faɗi a kan gwiwa, ya fara jansa wajen ƙarfen, bayan ƙarfen kuwa gangare ne. Butar ta faɗi daga hannuna. Ummata na salati. Babana na can gaban mota, murfin ya kare shi, bai ma ga abin da ake ciki ba.

Ban ga saukowar Hajiya ba. Ƙarar sandarta na ji a jikin ƙofar mota, ƙau, kamar an harba bindiga. Sai ga ta tana tafe, matar da sai an riƙe ta take hawa matakala biyu, tana tafe kai tsaye ba ɗingishi, ta buɗe hannuwa abayarta ta baje, tana wata irin tsawa da ban taɓa jin ta fito daga bakinta ba.

"Kai! Sake shi! Sake shi, ɗan banza ɓarawo!"

Bikan ya juyo ya yage baki, haƙoransa kamar yatsuna. Wani mutum daga nesa ya yi ihu da Larabci cewa ta koma baya. Ba ta ko dube shi ba. Ta ƙara taku, ta ɗaga sandar ta sauke masa a damtse. Ya saki rigar ya yi tsalle baya, ya sake yunƙurowa yana haushi. Ta shiga tsakaninsa da yaron, ta buga sandar a ƙasa, ta zuba masa ido. Suka tsaya haka. Ni dai na ga kamar an daɗe, amma Babana ya ce kafin ya zagayo motar an gama. Bikan ya ja ledarsa, ya haye ƙarfen, ya gangara.

Na ruga na ɗauki yaron. Gwiwarsa ta kuje, rigar ta yage, ban da haka lafiyarsa lau, kukan burodinsa ma yake yi. Mutane suka taru. Wani dattijo Balarabe ya riƙa cewa, "Ma sha Allah, ya hajja, ma sha Allah," matarsa ta kawo ruwan sanyi, wata ta kawo man shafawa. Hajiya kuwa ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, sandar ta lanƙwashe a hannunta.

"Maigidana bai ji ciwo ba?" ta ce, haka take kiran yaron. Na ce bai ji ba. Ta ce, "To halas, shi ke nan. A ɗaga ni, mutane na kallo."

Babana ne ya ɗaga ta. Ya kai ta kan dardumar, ya cire mata takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Ummata ta sake haɗa shayi da sauran ruwan zafin. Da hankalina ya dawo, tsokana ta zo mini, don tsakanina da Hajiya ba a rasa ta.

"Hajiya, wannan ba ki ce masa sannu ba? Ba ki jira ya gama ba?"

Ta harare ni ta saman kofi. "Ke ƙawata, wannan ai biri ne. Biri tun ina yarinya nake korarsa a gonar gero. In ka ja da baya ya raina ka, in ka matsa ya gudu. Waccan kuwa ba a korarta."

Ba wanda ya yi dariya. Babana ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Inna, wace ƙafar ta taɓa?"

Hajiya ta ajiye kofinta. Ba ta saba magana da shi kai tsaye gaban mutane ba.

"Ta hagu," ta ce.

Ya dubi ƙafarsa ta hagu cikin silifa, ƙatuwar ƙafa mai kaushi, kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, "Ba ni labarin. Ban taɓa tsayawa na ji ƙarshensa ba."

Ta ba shi, a nan gefen titi, motoci na wucewa, hazo na saukowa daga saman dutsen. Fuskarta na wajen ramin, ba ta dube shi ba. Duk yadda na san labarin haka ta kawo shi, sai wuri ɗaya da ta ƙara abin da ban taɓa ji ba. Ta ce akwai 'yar wuƙa a ƙugunta, ta yankan igiya, kuma tun da halittar ta zagayo hannunta na kanta. Amma ta san wuƙar ba za ta yi komai ba.

"Sai na yanke a raina, in ta cire goyon nan daga bayana, bin ta zan yi. Duk inda ta hau in hau. Hajjin ma na haƙura da shi." Ta kurɓi shayi. "Da yanzu kana can kan dutse da ɗan'uwanka mai ciwon ido."

Babana ya yi dariya, ya tashi ya ce bari ya duba ruwan mota. Ya daɗe a bayan murfin nan. Ummata ta ce da ni da Larabci in bar shi.

Mun ƙarasa Ɗa'if. Ya saya mata inabi da ruman, ya zaga har ya samo mata sabuwar sanda, ta ce tsohuwar ta fi ta daɗin riƙo. A hanyar dawowa ta yi barci, kanta a jingine da gilashi. Na sunkuyo daga baya na tambaye shi a hankali ko yanzu ya yarda.

"Ban san abin da ta gani ba," ya ce. "Amma macen da ta san biri haka ba za ta ga biri ta ce masa baiwar Allah ba."

Gwiwoyin Hajiya sun kumbura bayan nan, ta yi kwanaki ba ta fita da gyaɗa ba. Matan unguwa suka yi ta zuwa dubiya, kowace na son jin yadda aka yi da bikan. Ta ƙi ba su. Ta ce korar biri ba labari ba ne, yara ma na yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Babana da baƙo, abin da ba ya yi sai da sallah. Wani dogon dattijo ne mai jan gemu, abokin aikinsa a tasha, mutumin duwatsun arewacin Pakistan. Ashe a wurin cin abincin rana mutumin ya taɓa faɗa musu cewa makiyayan garinsu na ganin wani mai gashi a can sama inda ƙanƙara take, har yakan zo ya tsaya nesa da wutarsu, sauran ma'aikata suka yi ta yi masa dariya. Shekaru ke nan da yin haka, Babana na wurin, bai ce uffan ba. Yanzu shi ne ya je ya same shi ya ce ya zo gida ya ji wani abu daga bakin mahaifiyarsa.

Aka shimfiɗa wa baƙon darduma a tsakar gida, Hajiya na daga bakin ƙofar ɗakinta cikin mayafi. Na zo zan zauna in fassara, tun da ni na saba, Babana ya ce in bari. Hajiya na faɗa da Hausa, shi yana mayarwa da Larabcin tasha, irin wanda kowa da kowa ke ji a can. Bai tsallake komai ba, har warin bunsurun sai da ya faɗa. Baƙon ya riƙa gyaɗa kai, ya tambaya ko hannuwan sun wuce gwiwa, ko ta yi magana. Hajiya ta ce iyakar gwiwa ne, kuma ba ta yi magana ba, kada a ƙara mata abin da ba ta gani ba. Da aka zo wurin da halittar ta tsaya tana kallon goyon, baƙon ya ce, "Jaririn fa? Ya rayu?"

Babana ya dafa ƙirjinsa da tafin hannu. "Ana," ya ce. Ni ne.

Mutumin ya dube shi, ya dubi Hajiya, ya miƙe tsaye da tsufansa, ya sa hannu a ƙirji ya rusuna mata. Ina tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, na ji kaina ya yi girma har ban san inda zan sa shi ba.

Hajiya dai ta amsa gaisuwar da ka. Bayan ya tafi ta leƙa kwanonsa, ta ga ya ci naman ya bar rabin tuwon, ta ce in ya sake zuwa a yi masa shinkafa.